Butar Man da Inna Ta Wanke

Shekaranjiya saura kaɗan in yi faɗa a bakin titin Kalgo, ni da furfurata, a kan mazurari. Ina zaune a rumfar mai shayi, ga wani mai sayar da baƙin mai daura da mu, ƙato da gemunsa, ya jera mansa cikin gorunan roba a tsakiyar rana, wasu ko murfi babu, da leda aka toshe su. Sai ga ɗan kabu-kabu ya tsaya yin juye. Mai man ya kwance noti, ya bar tsohon mai ya tsiyaye a ƙasa, sannan ya duƙa ya tsinci mazurari daga cikin turɓaya, ya buga shi a gwiwarsa sau biyu, ya soka a bakin injin ya hau tuttulawa. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba.

Na ce, "Kai bawan Allah, ko gogewa ba ka yi?"

Ya ɗago ya dube ni sama da ƙasa. "Baba, inji na da harshe ne da zai ji ƙasa?"

Aka kwashe da dariya, har mai shayi. Ni da nake hanƙoro domin mai babur, shi ma sai ya ce, "Baba ka bar shi, sauri nike. In ta gaji akwai wata kasuwa."

To. Na koma na zauna, shayina ya huce, ban ko ƙara taɓa shi ba. Sun ɗauka mitar tsufa ce, irin ta wanda ya rasa abin yi sai sa ido. Ba ita ba ce. Akwai abin da na haɗiye tun ina saurayi, ban taɓa faɗa wa ko matata ba, kuma waɗanda maganar za ta ɓata wa rai duk suna ƙarƙashin ƙasa yanzu. Bari in faɗe shi ko zai bar mini maƙogwaro.

Ƙauyenmu yana gefen Dodoru ne, ta ƙasar Gwandu. Kakanninmu makiyaya ne da suka gaji da yawo suka kafa bukkoki, bukkoki suka zama ɗakunan ƙasa, aka riƙe sanda da hannu ɗaya, fartanya da ɗayan. Abin da na buɗe kunne na ji a duniya shi ne turmi. Tun ana sallame sallar asuba zai fara, daga wannan gida zuwa wancan, mata uku a turmi ɗaya suna lugude, wata tana cilla taɓarya sama tana tafi kafin ta cafe. Bayan shi sai gurzar dutsen niƙa, sai kukan maruƙa da aka ɗaure ana tatsar uwayensu. Kana kwance za ka iya faɗin gidan da aka makara. Yau ka kwana bakwai a ƙauyen ba ka ji lugude ba, sai ƙarar waya da ta babur, kuma in ka tambayi yarinya ina taɓaryar gidansu sai ta ce bari ta duba bayan rumbu.

Babanmu shi ne bai zauna ba. Yana saurayi ya bar shanu ya bi wata babbar mota yana karen mota, ya yi shekaru tsakanin Gwandu da Jega da Sakkwato, ya dawo da baƙin farce da kuma magana ɗaya a bakinsa, injin niƙa. Ya ce duk ƙasarmu mata sai sun ɗauki hatsi a ka har Gwandu in ana biki, wanda ya fara kafa inji a nan ya gama da talauci. Dattawa suka ce ya haukace, wa ke musanya mai numfashi da ƙarfe? Bai saurare su ba. Ya kaɗa shanunsa kaf zuwa kasuwa, aka zo kuɗinsu bai kai na injin ba. Sai ya juyo kan Wule.

Wule saniyar Inna ce, mahaifiyata. Ba ta gidanmu ba ce, da ita Inna ta zo, uwarta ta ba ta tun tana maraƙa. Baƙa ce mai farin goshi, ga nono, ga rashin faɗa. Inna kan yi mata magana da Fulatanci a hankali in tana tatsa, maganar da ko mu ba ta yi mana. Kwana uku Baba yana lallashi. Ba ta ce a'a ba, ba ta kuma ce i ba, a rana ta huɗu dai ta kwance igiyar da hannunta ta miƙa masa, ta shige ɗaki ta ja asabari. Ni na ja Wule har kasuwa. Tana ta waiwaye, ina ta jan ta, ina jin haushin kaina.

Ranar da aka sauke injin, garin duka ya fito. Kore ne, mai tukunyar fistan ɗaya, da ƙatuwar taya ta ƙarfe a gefe da duro na ruwan sanyaya shi. Aka gina masa rumfar kwano, abin da ko ɗakin Baba bai samu ba. Da aka murza hannun ya kama, tuk, tuk, tuk-tuk-tuk, awaki suka tsinke igiya, tsofaffi suka ja da baya suna salati. Daga ranar sautin garinmu ya canja. Har gonakin nesa ana jin sa, mata daga ƙauyuka huɗu suna jera ƙore a ƙofar rumfa tun hantsi, kowace ta ɗora ɗan tsinke ko ƙyalle don ta gane tata. Ni ne babban ɗa, gemu ya fara tsiro mini, saboda haka ni aka sa a rumfar. Ni ke cika duro, ni ke ɗaure bel, ni ke murza hannu har kafaɗata ta yi tsami, in fito da yamma fari fat da gari har cikin kunne. Kuma ina son abin, kada in yi ƙarya. 'Yan matan da a da ba su san da ni ba sai ga su suna ce mini mai inji.

Amma abu ɗaya Baba ya daɗe bai bar ni na taɓa ba, shi ne mai. A kan mai ba shi da wasa ko kaɗan. Kowace safiya kafin a tayar, zai zaro tsinken awo, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa, ya ɗiga a yatsa ya murza a kusa da kunnensa kamar mai sauraron wani abu, sannan ya sansana. Ya kan miƙo mini yatsan ya ce, "Mi ka ji?" In ce ban ji komai ba. Ya ce, "To haka aka so." Wata rana ya ce in sansana da kyau, sai na ji warin gas. Ya ce gas ne ke zurarewa ta gefen fistan yana tsinka man, mai in ya tsinke ya zama ruwa ba ya riƙe ƙarfe, ranar ba a yi niƙa ba sai da aka gyara. Wata rana kuma, bayan damina ta yi nisa, tsinken ya fito da wani abu fari-fari kamar kunun da aka dama da nono. Ya ce ruwan duro ne ya sami hanya ta inda murfin kan inji ya saki. Mata na layi suna ƙorafi, ya ce ko matar hakimi ce ta koma turmi yau.

Baƙin da mai ke yi bai dame shi ba. Ya ce wannan hayaƙi ne, aikinsa ke nan ya kwashe shi, shi ya sa ake juye shi a kan lokaci, kuma da zafinsa, inji na tsayawa, don dattin ya biyo shi waje kafin ya kwanta a gindi. Ya hana a bar inji yana ta bugawa a banza babu hatsi, ya hana a danna masa hatsi har ya riƙa tuƙa baƙin hayaƙi, ya ce duka biyun cikin mai suke ƙarewa. Abin da yake tsoro fiye da komai shi ne ƙasa. Rumfar niƙa kuwa gida ce ta ƙura, garin dawa da dusar gero suna yawo a iska wuni guda. Don haka ya kafa zana tsakanin injin da wurin da gari ke fita, kuma kwanon da iska ke bi kafin ta shiga inji kullum sai an wanke shi an sa sabon mai. Kafin a buɗe murfin zuba mai, sai an goge kewayensa tas. Galan ɗin mai ba ya taɓa ƙasa, a kan katako yake, a rufe ruf, nesa da inda kwanon rumfa ke yoyo. Ba ya haɗa man wannan kamfani da na wancan. Tsohon man da aka juye, makiyaya kan zo roƙo su shafa wa ginshiƙan rumbu saboda gara, yana ba su, amma ko ɗigo ba ya komawa ciki.

Sai kuma butar. Wata butar ƙarfe ce mai dogon wuya da ya sayo a Sakkwato, da ita ake auna mai a zuba wa inji. A bakinta akwai farin ƙyalle mai laushi da ya ɗaure da zare, duk man da zai shiga injin sai ya bi ta cikinsa. Ba a wanke ta da ruwa, da kananzir ake ɗauraye ta, a kife, a sa ta cikin jakar fata a rataye. Ga ido kuwa butar nan ƙazama ce, baƙa ƙirin, tana naso, ƙyallen ya rine ya zama kamar tsumman goge tukunya. Baba kan ɗaga ta ya ce, "Wagga ta hi kwanon cin tuwonka tsabta. Tsabtar inji daban, ta ɗaki daban." Nakan yi dariya. Ashe maganar tana jira na a gaba.

Inna ba ta taɓa taka rumfar nan ba. Shekara biyu cur. Hatsin gidanmu ma a turmi take daka shi, injin mijinta na bugawa a bayan danga, ita tana lugude ita kaɗai. In maƙwabta suka yi mata tsiya sai ta ce tuwon inji warin ƙarfe yake yi. Ba ta kiran sa inji, sai ta ce abin nan da ya cinye Wule. Ni kuma ɗan fari ne, kun san yadda abin yake a wurinmu. Ba ta faɗin sunana, ba ta zama inda nake, ba ta duba na ido cikin ido. In za ta ba ni abinci sai ta ajiye ta ce wa ƙanwata, "Ki ce ma wancan ga tuwo nan." Ban taɓa jin ciwon haka ba, don haka na ga ana yi wa kowane ɗan fari. Amma in na ce ban yi kwaɗayin ranar da za ta yi mini magana ni da kaina ba, na yi ƙarya. Yaran yanzu uwa na kiran sunansu tun daga bakin titi, har su amsa mata da "mene ne kuma", ba su san abin da suke takawa ba.

Ana saura kwana uku Babbar Sallah, Baba ya tafi Gwandu tun da sassafe sayo sabon bel. Da zai fita ya ce mini, "Yau ranar juye ta. Ka ga yadda nike yi, ka yi shi. In rana ta take ka tsaida shi, ka juye da zahi." Karo na farko ke nan da ya bar mini mai. Na yi ta niƙa ina jin kaina wani babba. Da rana ta take na tsayar, na kwance noti, baƙin man ya zubo cikin kwano yana tururi, na jira har ɗigon ƙarshe, na ɗaure. Na goge kewayen murfi. Na juya zan ɗauko jakar fata, sai na ga ƙusa babu komai.

Ina cikin dube-dube sai matan da ke layi suka dare. Inna ce tsaye a ƙofar rumfa, da mayafinta, riƙe da buta. Da ƙyar na gane ta. Tana walƙiya kamar sabon kwanon amarya, har rana na tsalle a jikinta. Ashe tun da safe, ina can wajen duro, ta aiki ƙanwata ta ɗauko mata ita. Ta yi mata irin wankin da take yi wa gorar kaɗa nono. Ta zuba rairayin rafi da toka da ruwa a ciki ta girgiza, ta girgiza, ta zubar, ta dirje bayan da rairayi, ta shanya a kan danga. Ƙyallen bakin kuwa ta kwance ta jefa a murhu.

Ta shigo. Ta tako cikin rumfar da ta yi shekara biyu tana kewaye wa, ta tsaya dab da injin, ta miƙo mini butar da hannu biyu. Kuma ta dube ni, ta yi mini magana, ni, ba ta bakin kowa ba. Ta ce, "Ungo. Sallah ta zo, ba a barin ƙazanta cikin gida. Tunda shi ka ciyar da mu, shi ma a yi mishi wanka."

Wata tsohuwa a layi ta rangaɗa guɗa. Wata ta ce, "Yau Inna ta shirya da kishiyar Wule!" Aka yi dariya, Inna ma ta ɗan murmusa, ta rufe baki da gefen mayafi.

Na karɓi butar. Na leƙa ciki, duhu, ban ga komai ba. Amma na sani. Wallahi na sani. Na san danƙon tsohon mai ba ya fita da ruwa, na san rairayi in ya sami danƙo mannewa yake yi, a gindi, a lungun da aka naɗe ƙarfe, a cikin dogon wuyan nan da hannu ba ya shiga. Ga kwalbar kananzir can a kan katako, taku biyu tsakanina da ita. Abin da ya kamata in yi bai fi ɗauraya uku da sabon ƙyalle ba. Amma ta yaya? Uwata na tsaye, mata sun fi ashirin suna kallo, in ɗauki abin da ta wanke da hannunta in sake wankewa a gabanta? In tace mai da ƙyalle, wato in ce wa duniya wankinta bai fita ba? Matar da ko a bikin gari ƙorenta ake ara saboda tsabta? Kuma a ranar da ta fara yi mini magana? Na ce a raina bari ta fita tukuna. Ba ta fita ba. Ta gyara tsayuwa ta ce, "Zuba mana, in gani yadda aka ba shi."

Na cika butar daga galan, na kafa bakinta, na zuba. Sau uku ina cikawa. Man ya gangara zar, ja mai kyau, ba abin da ido zai gani. Na rufe, na murza hannu, ya kama. Inna ta tsaya har aka niƙe ƙwarya guda, sannan ta aiki ƙanwata ta ɗauko dawar gidanmu. Ranar muka fara cin tuwon inji.

Za ku ce to bayan ta tafi me ya hana ka juye? Na tambayi kaina wannan ya fi a ƙirga. Man da ya rage a galan ba zai cika shi ba, wani sai Gwandu, kuma in Baba ya dawo ya tarar na zubar da sabon mai sai na faɗi dalili, in na faɗi dalili sai sunan Inna ya fito. Na ce wataƙila ba komai, ai ta ɗauraye. Na ɗauki butar na yi mata wankin kananzir a ɓoye, na shafa mata tsohon mai a baya ta koma baƙa, na ɗaura wani ƙyalle na tsoma shi a kwanon juye. Da na tsiyaye kananzirin a tafin hannuna na ji shi, ƙuras-ƙuras. Rairayi ne. Na goge hannun a wando, na mayar da butar jakarta na rataye.

Irin injinan nan na da ba su da matatar kirki a ciki, ɗan raga ne kawai da ke tare manyan abubuwa. Duk abin da ya shiga, yawo zai yi ta yi. Ga niƙan Sallah, tun hantsi har la'asar ba tsayawa, Baba kuma ya dawo da zazzaɓi ya kwanta, ni kaɗai ke rumfa, ba mai murza mai a kusa da kunne. Kwana tara injin ya yi yana aiki. A na goma, ana tsakar niƙa, na ji wata ƙara daga can cikinsa wadda ba tasa ba, ƙwan, ƙwan, ƙwan. Kafin in kai hannu ya yi wata girgiza, tayar ta tsaya cak. Shirun da ya biyo baya har yau yana kunnena. Baba ya fito daga ɗaki ba takalmi.

Aka ɗauko bakanike daga Gwandu, wani dattijo mai ido ɗaya da suka yi zaman mota tare da Baba. Ya buɗe cikin, ya zaro ƙarafan nan masu santsi da sandar inji ke juyawa a kansu. Sun zama kamar an bi su da magagari, sandar kanta duk zane. Ya lakato mai daga gindi, ya shafa a kan ɗan madubi, ya ɗora wani gilashi ya murza. Kowa ya ji ƙarar. Ya ce, "Wanga ba ƙurar gari ba ta. Rairayi na, na rahi. Zuba shi anka yi."

Baba ya juyo gare ni. Inna na tsaye a bakin danga da sauran mata, tana jin komai, amma fuskarta ba ta nuna ta haɗa wannan da wancan ba. A wurinta rairayi abin wanki ne, ana ɗauraye shi ya tafi. Baba ya ce, "Wa ya yi juye?"

Na ce, "Ni."

"Mi ya faru?"

Na ce, "Butar ta suɓuce mini ta faɗi ƙasa da mai a bakinta. Ina sauri, mata na jira. Na kakkaɓe na zuba."

"Ƙyallen fa?"

"Na cire shi, don man ya yi saurin shiga."

Matan da suka ga abin da ya faru ranar suna nan, amma babu wadda ta kawo komai a ranta, su ma wanka suka gani. Ƙanwata yarinya ce. Ƙaryar ta zauna daram.

Da Baba ya mare ni da na ji sauƙi. Bai yi ba. Ya daɗe yana duba na, sannan ya ce a hankali, "Da ka ce mini ba ka iyawa, da na zauna gida." Ya juya. Inna kuwa ta saki wata ƙara, ta dafe kai ta ce wa matan, ba ni ba, "Wancan ya kashe mini Wule. Ubanshi ya sai da ta, shi ya kashe ta."

An kai sandar Sakkwato an goge ta, aka sayar da awakin gidan aka mayar. Injin bai ƙara komawa daidai ba, ya yi wata biyu yana shan mai yana hayaƙi ya sake lalacewa. Kafin damina wani mutum a Dodoru ya kafa nasa, ƙoren suka koma can. Rumfarmu ta zama wurin ɗaure jaki. Baba, da ba shi da saniya ko ɗaya a garin masu shanu, ya koma kiwon na mutane, tsofai-tsofai da shi yana bin garken waɗanda suka ce ya haukace, suna gaishe shi da "mai inji, ina gajiya". Har ya rasu bai ƙara miƙo mini yatsansa ya ce in sansana ba. Na bar garin na zo Kalgo na koyi kanikanci, na shekara arba'in da wani abu ina buɗe cikin injinan ban ruwa na mutanen Wurogauri da na fadamun nan. Suka sa mini suna Mai Tata, suna dariya wai ko ruwan alwala sai na tace.

Yanzu kuwa wa ke da lokacin wannan? Inji ya zama kamar takalmin roba. Manomi zai jefa injin ban ruwa cikin laka, ambaliya ta rufe shi, ya tsamo ya tayar da man da ya zama kunu a ciki, in ya buga ya ce kayan zamani ne ba su da ƙarko. Ana tara mataccen mai a bar shi ya kwanta, a kwashe na sama a ɗura a gora a sayar a matsayin sabo, mai saye ya sani, mai sayarwa ya san ya sani. Ba wanda ya ja saniyar uwarsa zuwa kasuwa tana waiwaye kafin ya mallaki ƙarfe, shi ya sa. Ni ba na cewa da can mun fi su hankali, ga abin da hankalina ya yi. Amma mun san nauyin abu. Tir da zamanin da za ka ce wa mutum ya goge mazurari a yi maka dariya.

Inna ta daɗe bayan Baba. Duk Sallah ina zuwa, in kai mata atamfa da goro, ta karɓa ta bakin ƙanwata. In aka yi baƙi ana hirar shanu sai ta ce, "Ni ma ina da wata, mai farin goshi. Sakaci ya ci ta." Ina zaune a wurin. Sau biyu na buɗe baki. Sai in dubi hannuwan nan nata da suka ƙanƙance da wanki, in tuna yadda ta miƙo mini butar tana rufe murmushi da mayafi, in tambayi kaina me za ta yi da gaskiyar in na ba ta. Sai in ce, "Haka ne, Inna."

Da ciwonta ya yi tsanani aka aiko mini. Na isa da hantsi, na tarar an fito da ita inuwar ɗaki a kan tabarma. Ta ce kowa ya ba mu wuri. Na durƙusa. Ta lalubo wuyan hannuna ta riƙe, ta dube ni, karo na biyu ke nan a rayuwata. Ta daɗe tana tattara numfashi.

Ta ce, "Na riƙe ka a zuci shekaru da yawa. Ban son in tahi da shi. Yaro kake, ba ka sani ba. Na yahe maka Wule."

Na ce, "Na gode, Inna."